WASANNIN KWAMFUTA DA KAFAFEN ZAMANI A AJIN KOYON RUBUTU

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 



An ɗora mana nauyin yin tsokaci a kan wani al'amari da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba, wato wasannin kwamfuta da wayar hannu da sauran kafafen sadarwa na zamani, da matsayinsu wajen koyar da 'ya'yanmu, musamman koyon rubutu. Maganar ta taso a kan gaɓa, domin ƙungiya tana shawarar kashe wani kaso na gudummawar mambobi wajen sayen na'urori ga makarantun garinmu. Kuɗin nan gumin jama'a ne, saboda haka ya wajaba mu san abin da za mu saya, da dalilin sayensa, tun kafin mu buɗe asusu.

KOWANE ZAMANI DA ALLONSA

Bari mu fara da waiwaye, wanda Hausawa suka ce adon tafiya ne. Kakanninmu sun koyi rubutu da allo da tawada da alƙalamin kara, suka rubuta wasiƙu da waƙoƙi da ajami tun kafin zuwan Turawa. Da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai fensir da takarda suka shigo, mutane da yawa kuma suka dube su da ido na tuhuma. A 1933 aka shirya gasar rubuta littattafan hikaya ƙarƙashin jagorancin Dokta Rupert East, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, ta sa manoma da 'yan kasuwa ɗaukar alƙalami suna aika wasiƙu ga edita. Bayan haka rediyo ya zo, sannan talabijin, sannan wayar salula a 2001. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shigo ba tare da an yi masa tsegumi ba, kuma babu wanda tsegumi ya kora. Abin da ya bambanta al'ummar da ta amfana da wadda ta cutu shi ne wace ce ta riƙe linzamin abin da hannunta.

Yau ma zaɓi ya riga ya kuɓuce mana. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara gwada wannan hanya ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Yaron da ya tashi a ƙauye, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba sai ranar jarrabawa, zai ɓata lokacinsa yana kokawa da na'ura alhali ɗan birni ya yi nisa da amsa tambayoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ME YA SA YARO BA YA GAJIYA DA WASA?

Tun muna kwalejin horon malamai aka koya mana cewa wasa aikin yaro ne, kuma malamin kirki yana bi ta ƙofar wasa ya isar da darasi. Al'adarmu ma ta san haka. Dara tana koyar da lissafi da hangen nesa, kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, karin magana da salon magana suna gyara harshe, tatsuniya kuwa ita ce makarantar farko ta tsara labari: mafari, tsakiya da ƙarshe.

Wasan kwamfuta ya ɗauki wannan sirri ne ya zuba shi cikin na'ura. Wani malamin harsuna ɗan Amurka, James Paul Gee, ya wallafa littafi a 2003 inda ya yi bayanin abin da makarantu za su koya daga irin waɗannan wasanni. Idan muka taƙaita, abubuwa huɗu ne suke riƙe yaro. Na farko, wasan yana nuna masa manufa a fili. Na biyu, yana gaya masa sakamakon abin da ya yi nan take, ba sai an jira mako guda kafin malam ya dawo da littafi da jan biro ba. Na uku, wahalar tana ƙaruwa ne daki-daki, gwargwadon ƙarfinsa. Na huɗu, faɗuwa ba ta zama abin kunya ba. Ya faɗi, ya sake, har ya ci. Mu kwatanta wannan da ajin insha'i mai yara tamanin ko ɗari, inda malami ɗaya ba zai iya duba rubutun kowa ba ko da ya kwana yana yi, kuma inda yaron da ya yi kuskure yake shan dariya ko bulala. Ba abin mamaki ba ne ya gudu daga aji ya nufi gidan gem.

Ya kamata malamai su ji daɗin sanin cewa ɗaya daga cikin tsofaffin wasannin koyarwa, mai suna Oregon Trail, ɗalibai uku ne masu koyon aikin malanta suka ƙirƙiro shi a jihar Minnesota ta Amurka a 1971, domin koyar da tarihin ƙaura zuwa yammacin ƙasarsu. Daga baya cibiyar MIT ta fitar da Scratch a 2007, manhaja ta kyauta wadda yaro yake harhaɗa umarni kamar tubali ya tsara labarinsa da wasansa da kansa, kuma tana aiki ko babu intanet. Wasan gine-gine na Minecraft ma an fitar da nau'insa na makarantu a 2016.

GANI GA WANE

Sai dai kada kwaɗayin sabon abu ya rufe mana ido. Akwai darasi a shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, kuma ƙasar Peru ta rungume shi ta raba dubban ɗaruruwan na'urori. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Amurka suka auna sakamakon a 2012, sai suka tarar yaran sun iya sarrafa na'ura, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. An raba kaya, ba a shirya malamai ba, ba a kuma ɗaura na'urar da manhajar karatu ba.

A ɗaya gefen, an yi wata gasa ta duniya wadda aka kammala a 2019, inda aka gwada manhajojin koyon karatu da rubutu da lissafi a ƙauyukan Tanzaniya, cikin harshen Suwahili, aka kuma ga ci gaba a tsakanin yaran da yawancinsu ba sa zuwa makaranta. Manhajoji biyu, onebillion da Kitkit School, su suka raba kyautar. Abin lura a nan shi ne an gina darussan mataki-mataki, cikin harshen da yaran suke ji, kuma an tanadi wutar sola da mutanen da ke kula da cajin na'urorin a kowane ƙauye.

Haka kuma wasa yana da dafi idan ya wuce kima. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A 2023 gwamnatin Suwidin, wadda ta yi nisa da na'urori a aji, ta ware kuɗi domin dawo da littattafan takarda, kuma a wannan shekarar hukumar UNESCO ta ja kunnen ƙasashe da kada na'ura ta maye gurbin malami. Idan waɗanda suka ƙera abin suna taka-tsantsan da shi, mu da muke sayowa mun fi cancanta da hattara.

HALIN DA RUBUTU YAKE CIKI

Sau da yawa mukan ji ana cewa yaran yanzu ba sa rubutu. Gaskiyar magana ita ce ba a taɓa yin zamanin da matasanmu suke rubuta Hausa kamar yau ba. Suna yi a WhatsApp da Facebook dare da rana. Mata marubuta, magadan adabin kasuwar Kano, suna sakin littattafai shafi-shafi ta waya. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, tana karɓar gajerun labarai daga mata kowace shekara. Ƙishirwar rubutu tana nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙa'ida.

Ku duba saƙonnin da ke wayoyinku. An guntule kalmomi, an haɗe waɗanda ya kamata a raba, an watsar da aya da waƙafi, an kuma yi fatali da haruffa masu ƙugiya. Ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, ɗaki ya koma daki, alhali kowace biyu ma'anarsu daban. Yaron da ya saba da haka shekara biyar, da shi zai shiga zauren jarrabawa. Ga kuma sabon baƙo tun ƙarshen 2022, wato manhajoji irin su ChatGPT, waɗanda za su rubuta wa ɗalibi insha'i cikin ƙiftawar ido. Rubutu kuwa tunani ne aka shimfiɗa a takarda. Wanda aka yi wa rubutu, an yi masa tunani, ya tashi a tutar babu.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a ajiye kowane abu a muhallinsa. A azuzuwan farko na firamare, fensir da littafin rubutu da shifta su ne ginshiƙi, wasan na'ura ya zama ɗan ƙari na mintoci kaɗan domin nanata haruffa da gaɓoɓi. Daga aji huɗu zuwa sama sai a mayar da wasan ya zama mafarin rubutu. Yaron da ya buga wasan ƙwallo a waya, a sa shi ya rubuta rahoton wasan kamar ɗan jarida. Wanda ya ƙware a wani wasa, ya rubuta wa ƙanensa bayanin yadda ake yin sa, mataki bayan mataki; wannan shi ne rubutun bayani da muke fama da koyarwa. A raba yara rukuni-rukuni su je wurin tsofaffi su ɗauko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ko tarihin wata unguwa da na'urar ɗaukar murya, su rubuta da hannu, malam ya gyara, sannan su buga a kwamfuta ko su mayar da shi wasa a Scratch. Ta haka yaro ya saurara, ya rubuta, ya gyara, ya kuma ga aikinsa ya fito fili. Ɗalibin da ya san mutane za su karanta abin da ya rubuta yakan tsaya ya gyara shi fiye da wanda ya san kwandon shara ne makomarsa.

ABIN DA MUKE ROƘON ƘUNGIYA

Na ɗaya, a fara da malami kafin na'ura. A zaɓi malamai daga kowace makaranta a horar da su lokacin hutu, kuma 'ya'yan garin nan masu ilimin kwamfuta da ke birane su ba da kwanakinsu sadaka.

Na biyu, maimakon a warwatsa na'urori bibbiyu a kowace makaranta su lalace cikin ƙura, a kafa ɗaki guda a tsakiyar gari mai wutar sola da mai gadi da mai kula, makarantu su riƙa zuwa bisa jadawali. A ware ranaku na musamman ga 'ya'ya mata, tare da malama, domin iyaye su saki jiki. Kada a manta da almajiran makarantun allo.

Na uku, duk abin da aka ware na saye, a ware wani kaso na gyara da sauya batir. Mun sha ganin kayan gudummawa sun zama ɗakin ɓera saboda rashin wannan tanadi.

Na huɗu, a fifita manhajojin da suke aiki ba tare da data ba, a kuma nemi darussan shirin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. A saka madannan Hausa masu ɓ da ɗ da ƙ a kowace na'ura. Manhajar Gboard ma tana da su kyauta.

Na biyar, a sa gasar rubutu ta shekara-shekara cikin Hausa da Turanci, a zauna a rubuta a gaban alƙalai, kuma a buga waɗanda suka yi fice a wannan mujalla tamu.

Na shida, kafin a fara, a gwada yaran da shifta da insha'i a adana takardun, bayan shekara a sake gwada su. Idan an ga ci gaba a ƙara kuɗi, idan ba a gani ba a sake shawara.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna birni, naku 'ya'yan su suka fi kusa da wannan wuta. Kada waya ta zama mai renon yaro. Ku san abin da yake bugawa, ku yanka masa lokaci, ku raba shi da ita lokacin salla da cin abinci da barci, ku kuma sa shi ya riƙa rubuto wa kakanninsa saƙo da cikakkiyar Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyayenmu sun tura mu makaranta a lokacin da ake gudun boko, suka jure zunɗe da surutu, ga shi yau muna cin moriya. Bashin da ke kanmu shi ne mu yi wa na bayanmu irin wannan hangen nesa, da ilimi da lura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muna fatan kowa zai kawo nasa, mai kuɗi da kuɗinsa, mai sani da saninsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ji ƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa garinmu albarka da zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.