Me ya sa "gobe zan daina" ba ta zuwa?

Yau ina so mu taɓa wata tambaya da ake yawan yi: ya aka yi mutum yana ganin ƙwaya tana cinye shi, ya rantse ya daina, amma gari na wayewa ya koma?

Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda take saki idan ka ci abinci mai daɗi ko ka yi nasara. Saƙonsa ɗaya ne: "wannan abu, a sake shi." Tramadol da kodin da makamantansu suna sa a sake shi fiye da kima. In abin ya yi ta maimaituwa, sai ƙwaƙwalwa ta rage wuraren da ke karɓar saƙon. Daga nan hira da abokai, kallon ƙwallo, har girkin Umma, duk sai su zama salam. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu.

To ga inda gizo ke saƙar. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshinka shi ne birki. Shi ke auna riba da asara, shi ke cewa "dakata, gobe akwai jarrabawa." Ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma shaye-shaye yana raunana shi. Ka ga ke nan yaron da ya fara yana ɗan shekara 16 totur yake takawa a motar da ba a gama ɗaura mata birki ba. Shi ya sa zai sayar da wayarsa don maye na awa biyu, alhali ya san zai yi da-na-sani.

Amma fa ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. Binciken Dakta Nora Volkow a Amurka ya nuna alamun hakan a hotunan ƙwaƙwalwar masu shan metamfetamin da suka yi fiye da shekara ɗaya ba su sha ba.

Don haka in kai ne, kar ka bar wa birkin da ya lalace aikin shi kaɗai. Je ka ga likita, domin yanke tramadol lokaci guda yana wahalar da jiki sosai. Ka bar majalisar da ake sha, ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi. In kuma ƙaninka ne, zagi ba ya gyara birki, raka shi asibiti.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.