Jawabin Shugabar Mata: Kalmar "Walkover" da Abin da Take Boyewa

Iyayena, yayyena da ƙannena mata na jam'iyya, barkanmu da warhaka. Ina gaida shugabannin mata na mazaɓu da duk masu yi mana hidima a unguwanni.

Kwanakin nan wata kalmar Turanci ta cika bakin mutanenmu. Matasa na cewa zaɓen bana "walkover" ne, wasu ma su ce wokoba. Ma'anarta nasara ba tare da an sha wahala ba, ko kuma an ci babu abokin karawa. To bari mu duba asalinta, don akwai darasi a ciki.

Kalmar ta fito ne daga sukuwar dawaki a Ingila. Idan ranar tsere ta zo aka ga doki ɗaya ne kawai ya fito, ba a miƙa masa kyauta yana tsaye a turke. Dole mahayinsa ya hau, ya taka da shi cikin filin, sannan a ce ya ci. Wato ko babu abokin hamayya, sai an fito an taka. A gasar Olamfik ta Landan a 1908, wani ɗan Birtaniya mai suna Wyndham Halswelle ya yi tseren mita 400 shi kaɗai, saboda 'yan Amurka sun ƙi fitowa. Duk da haka sai da ya yi gudun kafin a ba shi zinare.

Haka dokarmu take. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ko da ɗan takarar shugaban ƙasa ko na gwamna shi kaɗai ne, sai an kaɗa ƙuri'a, masu cewa eh sun fi masu cewa a'a, kafin a ce ya ci.

Mu kuma ga mu da abokan hamayya a fili, sun shirya, suna bi gida-gida. Ina wokoba a nan? Raina kama ka ga gayya.

Ku tuna Sakkwato a 2019. Tsakanin Aminu Waziri Tambuwal da Ahmed Aliyu, ƙuri'a 342 ce kacal ta raba su. Ƙuri'a 342, 'yan'uwa! Matan layi biyu ko uku ne fa. Sannan a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma kimanin miliyan 25 ne suka fito. Yawanci abin da ke zaunar da mutum a gida shi ne ya ce ai an riga an ci, ƙuri'ata ɗaya me za ta ƙara.

Don haka ga roƙona. Duk wadda ta ji an ce wokoba ne, ta ce a'a, sai mun fito. Kowace ta duba katin zaɓenta yau, ba ranar zaɓe ba. Ki nemo mata biyar a unguwarku, maƙwabciya, kishiya, suruka, ki tabbatar sun san rumfarsu. A yi girki da wuri, a shirya wadda za ta riƙe yara. Bayan kin dangwala, ki tsaya cikin natsuwa har a ƙirga a gabanki. Ban da zagi, ban da faɗa da kowa.

Don Allah a tura wa sauran zaurukan mata. Allah Ya ba mu nasara mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.