WANDA AKE JIRA: DAGA SINIMA ZUWA SATIRU

(Laccar da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Tambuwal da Kebbe, a garin Sanyinna)



Wataƙila wasu za su yi mamaki da suka ji mun zaɓi zancen sinima a irin wannan zama. Dalilinmu shi ne, labarin da Turawa suka shirya don nishaɗi ya taɓo wata tambaya wadda kakanninmu suka amsa da jininsu, watau: idan aka yi bushara da zuwan wani mutum da zai gyara duniya, yaya za a gane shi, kuma wa ke da ikon fassara busharar?

Bari mu fara da fim ɗin. A 1977 George Lucas, mutumin Amurka, ya fitar da kashin farko na Star Wars. A kashin 1999 ne aka kawo zancen wata tsohuwar bushara ta mayaƙan Jedi, cewa za a haifi wani zaɓaɓɓe da zai daidaita ɓoyayyen ƙarfin da ke tafiyar da duniyarsu. Wani malaminsu, Qui-Gon Jinn, ya tsinci yaro bawa mai suna Anakin Skywalker a wata duniya mai hamada, ya haƙiƙance shi ne. Yaron ya girma yana jin ana faɗin haka. A kashin 2005 sai ga shi ya juya wa malamansa baya, ya karkashe su har da yara almajirai, ya zama Darth Vader, hannun daman azzalumin sarki Palpatine. Sai a ƙarshen rayuwarsa, kamar yadda kashin 1983 ya nuna, ya hallaka sarkin don ya ceci ɗansa Luke.

Masu kallo sun rabu. Wasu sun ce daidaiton ya samu ne ran da ya rage yawan Jedi har suka zo kusan ɗaya da abokan gabarsu. Shi Lucas ya ce manufarsa ita ce kawar da mugayen. Ko wace fassara muka ɗauka, mu lura da abu biyu. Na farko, kalmar daidaito ba ta da iyaka, don haka kowa ya zuba mata abin da zuciyarsa ke so. Na biyu, Jedi ba su taɓa zama sun tambayi abin da cikar busharar zai ci musu ba, sai da ya ci su.

Littafin Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965 aka kuma mai da shi fim a 2021 da 2024, ya ƙara zurfafa batun, har ya ari kalmar Mahadi daga wajenmu. A can, wata ƙungiyar mata masu dabara ce ta shuka busharar a zukatan mutanen hamada tun ƙarnoni da suka wuce, don ta zama tsani ga nata mutanen ran da suka bukata. Darasin a fili yake: wanda zalunci ya gallaba, shi ya fi saurin karɓar duk wanda ya zo da alamun da aka koya masa.

Jama'a, ba muna kwatanta hadisai da tatsuniyar sinima ba ne. Zancen Mahadi yana cikin littattafan malamanmu, shi kuwa fim ƙirƙira ce. Abin da muke dubawa shi ne halin ɗan Adam a gaban bushara, kuma a nan tarihinmu ya fi kowane fim bayani.

A zamanin jihadi, mutane da yawa sun ɗauka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ne Mahadi. Yana da jama'a, yana da nasara, da ya yi shiru kawai da zancen ya zauna. Amma ya ƙi. Ya rubuta littafi, Tahzirul Ikhwan, yana gargaɗin 'yan'uwa game da da'awar Mahadiyya, ya jera siffofin da suka zo a ruwaya ya auna su da kansa: an ce Mahadi daga zuriyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai fito, kuma a Madina za a haife shi, shi kuwa a Maratta aka haife shi. Wannan ita ce hanyar masu ilimi. Ba a lanƙwasa nassi don ya dace da mutum, mutumin ake aunawa da nassi.

Duk da haka jiran bai ƙare ba. A 1881 Muhammad Ahmad ya yi da'awa a Sudan, ya ci Khartum a 1885, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas, dubban mutane suka bar gonakinsu suka bi shi, aka kashe shi a Burmi a Yuli na shekarar.

Sai kuma Satiru, ƙauyen da ke wajen mil 14 kudu da Sakkwato. A 1904 wani malami a can ya yi da'awar Mahadiyya, aka kama shi, ya rasu a tsare. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi, wani malami makaho, Ɗan Makafo, ya zo daga ƙasar da Faransa ke mulki ya haɗu da su. A Fabrairu 1906 mutanen Satiru, talakawa da bayin da suka gudo, riƙe da gatura da fartanya, suka fatattaki rundunar Turawa, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20. A Maris aka dawo da manyan bindigogi tare da dawakin sarakuna. An kashe mutum wajen 2,000, aka baje garin, har yau kufai ne.

Bai kamace mu mu raina mutanen Satiru ba. Kukansu na gaskiya ne, jaruntakarsu kuma ba ta da shakka. Amma tabbacin da aka ba su cewa lokaci ya yi shi ya tsaya musu a matsayin shiri da makami, kuma su ne suka biya, su da matansu da 'ya'yansu. Haka aka sake gani a Kano a Disamba 1980, inda rikicin Maitatsine ya ci rayuka fiye da 4,000.

To, ina ruwanmu a yau? Ruwanmu shi ne, wannan hali ya shiga siyasarmu. Duk lokacin zaɓe sai mu nemo mutum ɗaya mu ɗora masa dukkan burinmu, mu daina bincikensa, in ya kasa mu la'ance shi mu shiga jiran wani. Alhali kuwa rijiyar ƙauye da ajin firamare da ɗakin shan magani ba sa jiran zaɓaɓɓe. Malamin gona da akawu da ungozoma suke jira, watau mu da ke zaune a nan.

Saboda haka, duk wanda aka nuna mana aka ce shi ne, mu yi masa tambaya uku. Me aka faɗa takamaimai, kuma ya dace da shi ba tare da lanƙwasa ba? Wa zai amfana in muka gaskata? Wa zai biya in aka yi kuskure? Shehu ya amsa ta farko a kan kansa lokacin da ba wanda ya isa ya tilasta masa. Mu da muke tutiya da gadonsa, wannan ne mafi ƙarancin abin da za mu koya.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta.