Albasar da ake zubarwa a tasha da jan fitsari a shanu

Zancenmu na yau kan wari ne, warin sinadaran da ke ɗauke da farar wuta.

Masana sun kasa waɗannan sinadarai gida-gida. Akwai gidan da suke kira tiyol, shi ne warin nan da ake ji in tukunyar gas tana yoyo. Da gangan ake zuba shi a cikin gas ɗin don mutane su farga. Akwai kuma gidan salfaid da daisalfaid, waɗanda ke fitowa daga albasa da tafarnuwa. Dukansu hanci kan gane su tun ba a je ɗakin gwaji ba.

To, na albasar ne ya shafe mu. In kakarta ta yi, daga Galmi zuwa Konni da Illela, har Aliero, ana tsince wadda ta fara lalacewa a zubar a bakin tasha, shanu kuwa su bi su cinye. Daisalfaid ɗin nan in ya shiga jini, sai ya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin. Ba ranar ake gani ba. Sai bayan kwanaki ka ga saniya tana zama baya a garke, tana haki, dasashinta da cikin idonta sun yi fari, fitsari ya koma ja kamar ruwan zoɓo. Tumaki da awaki sun fi jurewa. Shanu abin ya fi kayarwa, dawaki da karnuka ma bai bar su ba. Kada a ce ai busasshiya ce, shanya ba ta kashe dafin, dafuwa ma haka.

Inda ake ruɗewa shi ne, ciwon da kaska ke kawowa shi ma yana sa jan fitsari. Sai mutum ya sayi allura a kasuwa ya yi ta dirka wa dabba, kuɗi ya tafi a banza. Malam, sunsuna numfashinta da nononta tukuna. In ka ji warin albasa, gaya wa likitan dabbobi abin da ta ci. Ciwon kaska yawanci da zazzaɓi mai zafi yake zuwa.

A raba ta da albasar nan take, a ba ta inuwa da ruwa, kada a kora ta doguwar tafiya, don jininta ya yi ƙaranci. Ku kuma dillalan albasa, don Allah a haƙa rami a binne ruɓaɓɓiyar, musamman inda burtali ya ratsa kusa da kasuwa.