Kano: gada a sama, jarka a ƙasa

Ƴan uwa maza da mata, matasan Maraɗi.

An ce in yi magana kan jin daɗin rayuwa a babban birni, ni kuma na zaɓi Kano. Dalili a fili yake. Da wuya a samu wanda ke zaune nan da ba shi da hulɗa da Kano: wani kayan shagonsa daga Kantin Kwari suke zuwa, wani daga Singa, wani ya kai tsohuwarsa asibitin Malam Aminu Kano, wata kayan ɗakinta can aka sayo su. Kuma duk wanda ya dawo, labari ɗaya yake kawo mana a fada: "Kai, ka ga gadoji kuwa!" Ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, ga wadda ta ratsa ta saman Sabon Gari. Gaskiya ne an yi su, kuma sun rage cunkoso a wasu wurare. Sai dai baƙo kan titi yake wucewa, ɗan gari kuwa a lungu yake kwana. Yau lungun nake so mu shiga.

Mu fara da ruwa. Kano ba ta rasa ruwa ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa ma'aikatar tace ruwa a Challawa. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga a shekarun 1970, aka ƙara ta Challawa a 1992, daga baya ga matatar Tamburawa da ta Watari. To me ya sa in ka shiga unguwanni da sassafe, abin da za ka fara cin karo da shi kurar ɗan garuwa ce cike da jarkoki?

Saboda tsakanin madatsa da randar uwar gida akwai dogon aiki wanda ido ba ya gani. Sai an tace ruwan, sai an sa magani, sai injuna sun tura shi, injunan kuma kuran suke ci. Sannan sai bututu ya kai shi gida. Na cikin gari sun tsufa, suna yoyo ƙarƙashin ƙasa. Sababbin unguwanni kuwa, gini ya riga bututu isa. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin suna da mutum kusan miliyan 3, kuma tun daga lokacin Najeriya ba ta sake ƙidaya ba. Garin ya yi ta bazuwa ta wajen Ungogo da Kumbotso, famfo bai bi shi ba.

Sai kowa ya nemi mafitarsa. Mai hali ya kira masu inji suka haƙa masa foraj a tsakar gida, ya ɗora tanki, ya rufe ƙofa. Talaka ya koma hannun ƴan garuwa, waɗanda da yawansu ƴan ci-rani ne daga ƙauyukanmu na nan, suna tura kura rana na dukansu. Ku yi lissafin da kanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata a rana lita 20 ne. Gida mai mutum 10, lita 200 kenan, jarka 8 mai lita 25 kullum, jarka 240 a wata. Ku ninka da kuɗin jarka ɗaya. Za ku tarar mai wankin hula a Rimin Kebe yana biyan kowace lita fiye da attajirin da famfo ke zuwa gidansa. Kuma ruwan da ya saya da tsada bai san daga ina aka ɗebo shi ba, bai san ko rijiyar tana maƙwabtaka da shadda ba.

Ruwan nan kuma ɗaure yake da wuta. Mai foraj da ke sayar wa ƴan garuwa, in babu kuran sai ya tada janareto. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin fetur ya ninka kusan sau 3 cikin ƴan kwanaki, jarkar ruwa ta bi shi. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga farashin wuta ga layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat na awa guda. Ma'anarsa, an raba gari gida-gida: wanda zai iya biya a ba shi wuta, saura su jira abin da ya rage. A watan Oktoba na wannan shekarar manyan layukan da ke kai wuta arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai walda ya zauna, mai niƙa ya zauna, mai ƙanƙara ya kwashe asara, asibitoci suka koma kan mai. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda layin da ke kawo wa Maraɗi da Damagaram kuran daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma mun ga abin da ya faru da aka tsinke shi a watan Agusta 2023.

Yanzu damina. Wanda ya san tsohon birnin Kano ya san kududdufai. Ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu, suka zama matattarar ruwan sama, duk unguwa da nata. Ƙasa ta yi tsada, aka yi ta cike su da shara da ɓaraguzai, aka yanka aka sayar, aka yi shaguna da gidaje. To shi ruwa ba a yi shawara da shi ba. In ya zo bai tarar da gidansa ba, gidan mutane zai shiga. A daminar 2022 ya shiga Kantin Kwari, kasuwar yadi mafi girma a yankin nan, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, ƴan kasuwa kuma suka nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora kan magudanan ruwa. Wasu cikinku kayan ubangidansu na ciki. Ƙara da ledar da ta toshe kwatoci, da ruwan masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke gangarawa rafuka, waɗanda a bakinsu ake noman latas da kabejin da ke zuwa kasuwa.

Zirga-zirga ba zan daɗe a kanta ba. An hana acaɓa a Janairu 2013, adaidaita sahu ta ɗauki garin a ka. Da direbobinta suka tafi yajin aiki a Janairu 2022, birni mai miliyoyin mutane ya koma tafiya da ƙafa, har ɗaliban da ke rubuta jarrabawa, suna wucewa ta ƙarƙashin gadojin nan.

Kada wani ya ce wannan matsalar Kanawa ce. A 2023 cutar mashaƙo ta fi kamari a Kano, inda yara ke cunkushe a ɗaki ɗaya kuma rigakafi bai kai ga da yawansu ba. A shekarar nan ta ɓulla a Matamai. Ciwo ba ya tsayawa a Maimujiya ya nuna takarda.

Ban zo zagin Kano ba, wallahi. Gari ne da ke ciyar da baƙo, ya koya masa sana'a, kuma ƙungiyoyin aikin gayya na unguwanni da ke fita yashe kwata kafin damina sun cancanci a cire musu hula. Tambayata ita ce, me ya sa gwamnati bayan gwamnati, duk da gabar siyasa da ke tsakaninsu, suka haɗu kan son gada? Gada ana ɗaukar hotonta, a sa mata sunan wani babba, a yanka kirtani. Bututu binne shi ake yi. Kuma akwai dalili na biyu da ya fi damuna. Waɗanda in sun yi magana ake ji, manyan ƴan kasuwa, manyan ma'aikata, malaman jami'a, sun riga sun fita daga layi. Suna da foraj, suna da sola, yaransu na makarantar kuɗi. Ranar da famfo ya ƙafe ba su ma sani ba. Aka bar kukan ga matar da ba ta da lambar kowa a wayarta. Mu da muka yi karatu, hanyar da muke kai kenan: burin kowannenmu ya samu aiki ya haƙa tasa rijiyar.

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Tun Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ko yaushe aka gama shi, garin nan zai ƙara cika, kuma masu sayen fili ba su jira jirgi ba. Mun ga ƙarshen watan Agusta 2024, ruwan sa'o'i kaɗan ya ci rayuka a nan Maraɗi, kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni ya rushe a Damagaram. Duk gonar da ake yankawa parsel a bakin gari yau, a cikinta ake yanke ko jikokinmu za su sha famfo ko za su bi kura.

Don haka abu biyu nake roƙo, kuma ba su buƙatar ko dala. Kowace fada ta samu littafi ɗaya. Kwana 30 ku rubuta ƙarfe nawa ruwa ya zo, ƙarfe nawa ya ɗauke, awa nawa aka yi babu kuran, nawa aka sayi bido. Ƴan uwa mata, ku kuka fi mu sanin wannan lissafi, littafin ya fi dacewa da hannunku. Na biyu, mu je lameri mu nemi ganin taswirar sababbin lotisma, ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujerar ko naɗaɗɗe. Ina aka ware wa makaranta? Ina likita? Ina kanibo zai bi, ina tafkin da zai karɓi ruwan? In an nuna mana a takarda, mu taka mu je mu gani ko filin na nan ko an riga an zuba masa bulo.

Wanda zai riƙe littafin unguwarsu ya tsaya bayan an tashi, mu rubuta sunan unguwar. In wata ya cika za mu haɗa su wuri ɗaya mu wallafa a wannan shafi.