Mai Kwarmato Ba Magulmaci Ba Ne



Yau maganarmu a kan suna guda ce, watau sunan mutumin da ya ga ɓarna a wurin aikinsa, ya fito ya faɗa. Turawa suna ce masa mai busa usur, kamar yadda alƙalin wasa ya kan busa in an karya doka. Mu kuwa mu kan ce mai kwarmato ko mai fallasa. Amma sau da yawa bakinmu ya kan zame, mu ce magulmaci. To, nan ne kuskuren ya ke.

Magulmaci ya kan ɗauki magana daga wannan ya kai wa wancan don ya haɗa su faɗa. Mai kwarmato kuwa abin da idonsa ya gani ya ke kai wa mai ikon gyarawa, don a ɗauke cuta. Imam Nawawi, cikin Riyadus Salihina, ya lissafta wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta. Ciki akwai kukan wanda aka zalunta, da neman taimako don a kawar da mummunan aiki.

Ku dubi Doha, ta ƙasar Katar, inda samarinmu su ke zuwa neman abinci. Dab da tsohuwar unguwar Al Asmak, wadda leburori baƙi suka daɗe suna zama ciki, akwai Mushairib. Nan wani Bakenye, Malcolm Bidali, ya yi gadi. Ya riƙa rubutu da sunan aro a kan cunkoson ɗakunan ma'aikata da tsawon lokacin aiki. A watan Mayu 2021 aka kama shi, aka ce ya baza labarin ƙarya, aka ci shi tarar riyal 25,000, sa'an nan ya bar ƙasar a watan Agusta. Kun ga, sunan da aka laƙaba wa maganarsa shi ya ja masa hukunci.

Gana ta yi dokar kare mai kwarmato tun 2006. Amma doka ba ta hana a daina gaishe shi a masallaci.

Saboda haka in yaron shago ya ce mudun ubangidansa ba cikakke ba ne, ko wani ya ce kuɗin jam'iyya sun yi giɓi, kada mu yi saurin ba shi mugun suna. Mu tambaya: ya gani da ido? Wa ya kai wa? Gyara ya ke nufi? In haka ne, mu tsaya masa.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jin ta. Wasalam.