Wakilin Suna Mai Riƙon Ƙwarya: Jawabi ga Malaman Turanci na Funtua da Malumfashi



Duk wanda ya taɓa duba takardun ɗalibanmu da damina ya ci karo da jimlar "Is raining". Mukan ja mata jan biro mu wuce, kashegari kuma ta dawo. Ina ganin laifin yana ga yadda muke bayani.

Mun koya wa yaro cewa wakilin suna yana tsayawa ne a madadin suna. To, a cikin "It is raining", wane suna "it" ta wakilta? Babu. Ƙa'idar Turanci ce kawai ba ta yarda a bar gurbin aikau a wofi ba, sai aka ɗora "it" ta yi riƙon ƙwarya. Haka take yi wajen faɗin lokaci da nisa: "It is four o'clock", "It is far from Funtua to Malumfashi". Bahaushe kuwa cewa yake yi ƙarfe huɗu ta yi, ko da nisa. Yaron da ya tashi da wannan tsari, da hankalinsa ya yar da kalmar da bai ga amfaninta ba.

Hausa ma tana da abin da za mu kafa misali da shi. In mun ce "ana ruwa", wa ke yin ruwan? Ba mu ambaci kowa ba, kuma jimlar ta cika. Mu rubuta "ana ruwa" a allo, mu sa "It is raining" a ƙarƙashinta, yaro zai gane da kansa.

Sai kuma "there". Ɗalibi ya san ta da ma'anar "can", alhali a cikin "There is a bag of maize" ma'anarta "akwai". A nan ne tarkon yake: "akwai" ba ta sauyawa, ko buhu ɗaya ne ko goma, amma Turanci yakan koma "There are ten bags".

Kada mu raina wannan. A jarrabawar WAEC da NECO kurakuran nahawu suna zaftare makin insha'i, kuma sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a. Manomin da ya sayar da audugarsa ya biya kuɗin jarrabawar ɗansa yana da hakki a kanmu.

Roƙona shi ne, a makon gobe kowannenmu ya ware minti goma, ya jera jimlolin Hausa da na Turanci kafaɗa da kafaɗa, daga zancen gona da kasuwa. Allah Ya yi mana jagora.